Jirgin da Ya Hana Ɗana Zuwa Suna

Daren Talata, Argungu

Na daɗe da ji a majalisa wai sojojin ruwa na da jirgin da ke kai wa sauran jiragensu mai da abinci har tsakiyar teku. Dariya na yi. Mu nan kwalekwale mai inji, in mai ya ƙare, dole ya nemi gaɓa.

Shi ya sa na ce wa Hajiya man jirgin da ɗanmu Nasiru, sojan ruwa, ke ciki zai ƙare, zai zo sunan jaririnsa. Har rago na ɗaure.

Ashe an cika musu tanki, har da shinkafa! Allah wadaran jirgin nan mai shisshigi. Hajiya ta ƙi kula ni tun la'asar.

"Baba, ku raɗa suna, kada ku jira ni." Wannan karon ba a majalisa na ji ba. Nasiru ne da kansa, a waya.