Gayya a Gonar Mutanen Daji

Daren Laraba, farkon kaka.

Yau ma an watse daga ƙofar mai gari ba a tsayar da magana ba. Mutanen daji sun aiko cewa sai mun je mun girbe musu geronsu kafin su bari mu taɓa namu. Wai gayya! Gayyar da ba kiɗa, ba fura, sai bindiga a bayanka.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba wanda ya yi ƙarya a wurin. Liman ya ce su suka kashe Sani, ƙanen matata, a hanyar Moriki, kuma duk damin da muka ɗaure musu ƙarfi muka ƙara musu. Gaskiya ne. Yaya Bala ya miƙe ya ce wa liman, "Malam, rumbuna ba ko zangarniya. Ƙauyen da ya ƙi zuwa bara, kan idonmu dawarsu ta ƙone. Ɗiyana mi za su ci?" Shi ma gaskiya ne.

Shekara da shekaru ina gaya wa yara a aji cewa in an san gaskiya an san abin yi. Ashe ba haka ba ne. Duk mun san abu ɗaya, mun yarda da shi, amma bai ce mu je ba, bai ce mu zauna ba.

Da na dawo gida na tarar matata Hajara ta jingine magirbina a bakin ƙofar ɗaki, ko kallona ba ta yi ba. Ban sani ba ko cewa take in je, ko so take ta ga in hannuna zai iya ɗauka. Na kasa tambayarta.

Har yanzu yana nan jingine.