Kalmar da Na Fassara wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin kafinta.

Yaya, jiya na kasa ƙarasa darasi. Ina koya wa 'yan aji uku kalmomin Turanci da duk muke ce wa sakamako. Na rubuta result a allo, na ce shi ne na jarrabawa ko na gwajin jini. Na rubuta outcome, yadda abu ya ƙare. Da na zo kan consequence, na ce yawanci mugun abin da ke biyo baya ne, sai alli ya faɗi daga hannuna.

Ka tuna ranar da na raka Baba asibiti, shekara goma sha ɗaya ke nan? Likitar ba ta jin Hausa, ni ce tafinta, ina ta taƙama da 'yar takardar sakandarena. Ta ce idan ya koma gida ba a yi masa aiki ba, akwai consequences. Na juya na ce, "Baba, ta ce mu koma gida, akwai sakamako." Ya sa hularsa muka fito.

Wata biyu yana kan tabarmar zaure, duk sanda na wuce sai ya ce, "Auta, sakamakon ya fito?" Har ya rasu. Sai da na shiga kwaleji na gane abin da na yi. Har yau ina jin tambayar in na wuce ƙofar da ke buɗe. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ka yafe mini.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Ke dai da zurfin ciki! Da kin yi magana tuntuni. Washegarin ranar ni na koma asibitin, domin fuskar likitar nan da kika kwatanta ba ta kwanta mini ba. Wata nas ta yi mini bayani dalla-dalla. Na dawo na gaya wa Baba komai. Ya ce shi ba mai sa masa wuƙa a ciki, kuma kada in kuskura ki san kin yi kuskure, za ki tsani boko. Tambayar da yake miki, don kada ki gane ne.

Ki ci abinci, ki koma aji.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka sau shida. Na yi kuka, na ji sanyi, sai kuma na tuna wani abu: a wancan makon ba ka gari. Kana can wurin rufin makarantar da kuka yi kwangila, sai ranar Juma'a ka dawo da hannu a naɗe da bandeji. Ko ni ce na rikice?

Don Allah ka rantse mini cewa haka aka yi, ba lallashina kake ba. Duk abin da ka ce zan ɗauka.

Taka,
Auta

*

Auta,

Saƙonki ya iso. Yara suna gaishe ki, mamansu ta ce ki zo hutu, ta gyara miki ɗaki.

Rantsuwar da kika nema, ki bar ni da ita tukuna. Ki dai riƙa yi wa Baba addu'a. Ni ma ki sa ni a ciki.

Yayanki