Simintin Sanda

Zuwa ga Maigida,

Bayan sallama, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye sai ka gama neman tabarau kana mita, balle yanzu. Amma bakina ya cika, kuma ba ni da wanda zan juye wa sai kai.

Na fita takaba. Yara lafiya lau. Ummi ta koma makaranta a Arlit wurin ƙanwarka. Akuyar nan mai taurin kai ta haifi tagwaye. A garkarka dabinon gefen rijiya kaɗai ruwa ya bari, sauran duk yashi ne da duwatsu.

Babban labari shi ne Sanda zai tafi Makka. Sanda dai naka, ɗan kawunka, shugaban kwamitin madatsa. Ka san abin da ya yi, amma bari in maimaita maka, don na san ka da saurin mantuwa in dai a kan ɗan'uwa ne.

Madatsar nan ta girme yaranmu duka. Bangon ƙasa ne da duwatsu cikin ragar waya, wayar ma tsatsa ta cinye. Abin da ya riƙe ta shekara da shekaru shi ne gayyar da kuke yi kafin damina, ku da maƙwabtanmu Abzinawa na Gougaram. Ku toshe ramukan gafiya, ku tumɓuke itatuwan da suka tsiro a jikin bango, ku share mafita, gefen nan da aka bari ƙasa-ƙasa don in ruwa ya yi yawa ya bi ya wuce. Sanda ya dubi mafitar, shi asara ya gani. Ruwa na wucewa a banza, alhali albasarsa tana son sha har bazara. Ya kawo siminti a kamiyo, ya ɗaga mafitar sai da ta kusa kai tsayin bango. Ka yi masa magana ya yi dariya, kai kuma ka ja bakinka saboda zumunci. Zumuncin ya tsinana maka me?

Ranar da abin ya faru ko gajimare babu a kanmu. Can cikin duwatsu aka yi ruwan, yadda aka saba, kori, rafin nan da ke bushewa da rani, ya taho da rana tsaka. Ruwa ya zo mafita ya tarar an toshe, sai ya hau bango ya ɓalle shi. Kai kana ƙasa kana ban ruwan tumatir, ni ina hanya da kwanon abincinka a ka. Duk shekarun da ka yi a ƙarƙashin ƙasa kana haƙar ma'adini a Akokan da fargaba nake yini, kada rami ya rufta da kai. Ka fito lafiya har aka rufe ramin. Ashe ruwa ne zai ci ka, a ƙasar da ake bin ruwa da jarka?

Wurin zaman makoki Sanda ne a sahun gaba, ya fi kowa ambaton ƙaddara. Ya ce tsufa ne ya ci bangon. Daga baya aka yi gayya aka cike inda ya ɓalle, amma siminti yana nan daram, babu namijin da ya iya cewa a fasa. Ga garkar Tanko maƙwabcinmu a ƙarƙashin bangon, ga yaransa suna yini a ciki, ga damina na sake tahowa.

Sai ga kujerar Makka ta samu. Ka san maniyyaci ba ya tashi sai ya bi gida-gida ya nemi gafara. Ya fara turo matarsa da atamfa da sukari da ganyen shayi. Na sa aka mayar mata har ƙofar gida. Ya turo liman. Na gaishe da liman da ladabi, na ce masa Sanda ba shi da bakin yi mini magana muddin simintin nan yana tsaye. Na ce sai ya fasa shi da hannunsa, ba da lebura ba, a gaban jama'a bayan sallar Juma'a.

Maigida, ya fasa shi. Da ka gan shi! Ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki guduma, rana na dukansa, tumbin nan na rawa. Hannuwansa suka ɗuri ruwa suka fashe. Matasa suka so taimaka masa, liman ya hana. Ni kuwa na shimfiɗa tabarma a inuwa ina kallo, kuma ba zan ɓoye maka ba, tun rasuwarka ban ji sanyi a raina irin na ranar ba. Sai da dutsen asali ya bayyana sannan ya ajiye gudumar, ya zo ya durƙusa a gabana.

Tun da aka kawo ni gidanka daga Tahoua ban taɓa kiran sunanka ba. Sau da yawa na so, ka san haka kuwa? Kunya ke hana ni. Ranar na kira shi da ƙarfi, yadda na bayan taro zai ji. Na ce Haruna ne simintin nan ya kashe, mijina, uban marayuna, kuma ban yafe ba.

Yanzu gari ya ɗauka wai zuciyata dutse ce. Ƙanwarka ta daina amsa wayata. Su yi ta faɗa. Bana ruwa zai tarar da hanyarsa a buɗe, yaran Tanko za su girma. Shi kuma ya je ya sha zamzam, ya ɗaga hannu a Arfa, yana sane akwai wata mace a bakin kori da ba ta sake shi ba.

Kai in ka ga dama ka yafe naka, na san halinka. Nawa da na yara ina riƙe da shi har ranar da za mu tsaya mu uku gaban Mai shari'a.

Allah ya haskaka kabarinka. Sai na zo.

Matarka, uwar Ummi,
wadda ta kira sunanka sau ɗaya.