Jirgin Karan Kaka Arzika

Zuwa ga kakana Arzika, na ƙauyenmu da ke bayan Tibiri,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda jika ke yi wa kakanta in mutane na kallo, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Dije, 'yar ɗanka Gado, wadda kake kira amarya tun tana yawo ba ɗankwali. Amaryar taka yanzu ta wuce shekarun da ka rasu da su, haƙoran gaba ma sun yi sallama, sai ka yi haƙuri da abin da ka samu.

Maigida, na kama ka. Amma bari in bi da kai a hankali.

A nan Dogon Dutsi wasu dattawa sun kafa ƙungiya ta 'ya'ya da jikokin mutanenmu da suka yi aikin jirgin ƙasa zamanin Nasara, wasu a Najeriya, ƙasar Ingilishi, wasu can Dahome. Ba mai biyan mu, sa kai ne. Mun sami ɗaki guda muna tara tsofaffin fitilu da huluna da usur, muna goge su, 'yan lakwal, wato yaran makarantar boko, na zuwa kallo. Garin da layin dogo bai taɓa ratsawa ba, shi ne yau da ɗakin tarihin jirgi. Na san da kana nan da ka riga kowa kafa kujera a bakin ƙofa.

Shugabanmu Mushe Idi, wato Malam Idi a bakin Faransa, tsohon malamin lakwal ne, kuma har yanzu gani yake duk ɗalibansa ne mu. Ya kafa doka cewa ba a rubuta sunan mutum a bango sai an ajiye wani abu nasa a ƙarƙashi. Na birkice akwatunan gida kaf, ban sami ko maɓallin rigarka ba. Sai ga ni kullum da tsintsiya ina shara ƙarƙashin sunayen kakannin wasu, kai kuwa da ka cika Arewa da labarin jirgi babu kai. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Ka tuna gindin gawon nan na ƙofar gida? Tun kafin a haife ni ka yi ta zuwa cin rani Ƙaura Namoda, inda dogon Ingilishi ya tsaya, ka dawo da bargo guda da labarin da ya ishe ka har ƙarshen rai. Kakan gyara zama ka ce, “Ni ka tuƙa shi, amarya. In na ja igiya yay yi kuka, har Gusau sai sun ji.” Ni kuwa in kumbura kamar ni na ja igiyar.

Abokinka Bawa maƙeri ne kaɗai bai taɓa yarda ba. Yana daga maƙerarsa zai ɗaga murya, “Ƙarhe shi sha ruwa shi yi gudu? Arzika, ni ka sana'ar ƙarhe, ban taɓa ganin hauya ta tahi gona da kanta ba.” Wata tsohuwa 'yar bori ta raba muku gardama, ta ce ai iska ce Nasara suka kama suka kulle a tukunya. Wannan hukunci bai yi wa ko ɗayanku daɗi ba.

Don ka rufe bakin Bawa ne ka fara gina jirgin kara. Bayan girbi sai ka aike ni fadama in zaɓo karan dawa masu kauri. Wasan maza ne, in ji mutane, amma ka ce yaran gidan duk hannunsu na rawa, ni ce mai haƙuri. Ni nake ɓare ɓawon da haƙori, har yau da tabo a leɓena na ƙasa. Kai kuma ka fafe sakaina ka yi ƙafafu, ka haɗa komai da ƙayar aduwa.

A kan ƙafafun nan kake ƙarar da yini. Manya daban, ƙanana daban, ga sandar da ke haɗa su tana kai da komo in an tura. Sai ka kwanta rub da ciki a ƙasa, da gemunka da komai, kana leƙen ƙarƙashinsa ko ka bar wani abu. In an gama ka sa busasshen kashin shanu da garwashi a bututu, hayaƙi ya tashi, mu jeru a baya kowa ya riƙe rigar na gabansa, kai kana gaba kana kuka da baki. Kajin unguwar sun sha wahalarmu.

Ban manta ranar da gardin kumandan, dogarin Nasara, ya iso da dokinsa da bulalarsa ba. Manya duk suka yi tsit, don zuwan gardi ba ya zama alheri. Sai mutumin ya ja linzami ya tsaya yana kallon hayaƙi. Ashe ya yi soja, ya hau jirgi a ƙasashen bakin teku. Ya sauko ya tsuguna, ya tura jirgin karan da yatsa, ya ce wallahi shi ne, haka ƙafarsa take. Ranar ihun da ya zo da shi rabi kawai ya yi. Kai kuwa sai da ka bi Bawa har maƙera kana tambayarsa lafiyar hauya.

Abubuwa biyu ne ban gane ba a lokacin. Kullum kafin ka taɓa jirgin sai ka fara gina wani dogon abu da kake kafawa a gefe, mai lanƙwasasshen wuya, da tsumma yana reto a bakinsa. Mu yara jimina muke ce masa. Ba ka yarda kowa ya sa masa hannu, in an tambaye ka sai ka ce, “Ita ma ta tasha ce.” Sannan ɗakin direba, kullum fanko kake barin sa. Na ce ina kake zama, ka ce, “Ciki duhu gare shi, amarya, ba a gani.” Ka kuma yi mini alkawari, ran da dogo ya iso Dutsi gaba zan zauna kusa da kai.

Kafin damina gara da awaki sun gama da jirgin. Ba ka taɓa yin fushi ba, sai ka ce ya tafi ɗauko gyaɗa, zai dawo bayan girbi. Haka yake dawowa kowace shekara, har shekarar da ka kwanta, ana saura kaɗan Nasara su tafi.

To, bana da na rasa abin kai wa Mushe Idi, sai na sa aka kawo mini kara daga ƙauye. Maƙwabta suka fara raɗe-raɗin tsufa ya taɓa Hajiya Dije. Haƙori babu, da wuƙa na ɓare. Na ɗauka na manta, ashe yatsuna ba su manta ba, ciwo kawai suka ƙara. Na yi jiminarka da farko kamar yadda kake yi, na bar ɗakin direba fanko. Na ɗora a faifai na hau babur ɗin kabu-kabu, ina riƙe da shi sama da kaina, rabin kasuwa na bi na da ido.

Mushe Idi ya dube shi ta saman tabarau ya ce wannan ai wasan yara ne, kuma ba hannunka ya yi ba. Na ji ƙwalla na neman kunyata ni a gaban mutane.

A cikinmu akwai Alhaji Garba, wanda shi da gaske ya tuƙa jirgin gawayi a Najeriya har ya yi ritaya ya dawo gida. Idanunsa sun yi rauni, sai ya ce a miƙo masa ya shafa. Ya bi ƙafafun da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Da ya kai kan jimina sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, “Hajiya, mi kakanki yac ce shina yi a reluwe?” Na ɗaga kai na ce direba. Ya zura yatsa a ɗakin direba, ya juya, bai taɓa komai ba.

Ya ce da direba ne da nan ya cika da famfuna da ma'aunai, ƙafafun kuwa ya yi su sama-sama, don direba daga sama yake ganin jirgi. Wanda ya koya mini wannan daga ƙasa ya san shi. Jiminarka kuwa bututun ruwan tasha ce, tsumman bakinta shi ne mesar da ake jawowa a zura wa jirgi. Mai ba jirgi ruwa ne kai, Kaka.

Kai, Arzika! Shekara da shekaru ina yawo da kai a bakina, har surukaina na gaya wa ni jikar direba ce. Da Bawa na da rai da ya yanka rago. Ɗakin ya ɗauki dariya, ni ma na yi, amma a raina na ce shi ke nan, ga ba kaya, ga ƙarya, sunanka ba zai hau bangon nan ba.

Sai Alhaji Garba ya daina dariya, hannunsa na kan jiminar. Ya ce ya daɗe yana tsayawa ƙarƙashin irin wannan bututu, wani bawan Allah na tsaye a rana jiƙe sharkaf yana jawo masa mesa, in tanki ya cika ya ja igiya ya wuce, bai taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba. Ya ce, “Yau na san sunan guda. Idi, rubuta shi.” Mushe Idi bai yi musu ba. Yanzu kana bango, tsakanin wani mai fitila da wani mai duba dogo: Arzika, mai ruwa.

Da na koma gida ne abin ya sauko mini. Ashe ba duhu ne ya hana ka gina ciki ba, ba ka taɓa shiga ba ne. Da ƙafa ka je Ƙaura, da ƙafa ka dawo, rani bayan rani kana shayar da shi kana kallon bayansa. Bakinka ya ƙara gishiri, amma hannunka bai yarda ya gina abin da idonka bai gani ba. Ban ji haushinka ba, Kaka, kewarka ce ta taso mini sabuwa. Ni ma har yau ban hau jirgi ba, dogo kuma bai iso Dutsi ba.

Don haka shekaranjiya na sassaƙa mutum biyu da guntun kara, ɗaya da hula, ɗaya da ɗankwali, na zaunar da su a ɗakin direba. Mushe Idi ya ce wannan ba ya cikin tarihi. Na ce masa kara nawa ne, in gara ta ci ya gina nasa. Ta ma fara leƙowa ta gindin bango, kuma matan ƙungiya sun ce bayan girbi su za su ɓare mini kara, in nuna musu yadda ake ƙafafun.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka tuƙin da ba ka yi ba, Ya shayar da kai daga tafkin Annabi kamar yadda ka tsaya a rana kana shayarwa. Ya haɗa ka da Bawa a inuwa guda, ku ƙarasa gardamarku. In lokacina ya yi, Ya sa in tarar ka ajiye mini wurina a gaba, kusa da kai.

Wassalam.

Amaryarka,
Dije, jikar mai ruwa