Raket Ɗin da Na Aiko Maka

Azariya, kada ka karanta wasiƙar nan a tsaye. Nemi wuri ka zauna.

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Yaya Kaka da ƙafarta? Yaya yayarka Damaris? An tone cittarmu ta Godogodo kuwa? Ni lafiya lau nake a nan Italiya. Bayana ne kawai ke ɗan damuna in na ɗaga tsohuwar da nake jinya, amma kada Kaka ta ji.

Damaris ta ce sati uku ba ka je makaranta ba, kana can bayan tashar jirgin ƙasa kana buga tanis da bango. Ni na jawo, da na aiko maka da raket ɗin.

Asalin mai shi Ettore ne, ɗan tsohuwar nan. Yana shekara shida ya fara tanis, a sha huɗu ya bar makaranta. Ya zaga duniya, an nuna shi a talabijin, ni ke goge kofunan da ya ci. Yanzu shekararsa talatin da ɗaya, sau biyu ana yi masa aiki a gwiwa. Jiya ina taya shi hawa bene ya ce, "Emilia, wane aiki zan iya yanzu?" Shi yana da gidan uwarsa. Kai fa?

Daga yau raket yana akwatin Kaka, makulli a wuyanta. Asabar kaɗai zai fito, bayan Damaris ta duba littattafanka. Ranar da ka sake fashin makaranta, Kaka za ta tuƙa tuwo da shi.

Mahaifiyarka,
Emilia