Labulen da Aka Ja wa Kunkuru

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ta daina kumburin? Ya Baban yara? Na gode da addu'o'inki tun rasuwar ɗana Injiniya. Har yau in na zuba abinci sai in ga na ɗauko kwanonsa.

Abokansa biyu sun zo, Dogo da Mai Tabarau, suna roƙon in ba su mutum-mutumin nan da suka haɗa tare don gasar makarantu. Kin san shi, mai kamar ƙaramar mota, da ke bin baƙin layi shi kaɗai. Kunkuru suke ce masa saboda nawarsa. Layin ma yana nan manne a simintin ɗakinsa, na kasa ɓare shi. Na ba su. Yaya, ba kofi nake so ba. In dai ga abin da ɗana ya yi da hannunsa ya kai ƙarshen layin nan, shi ke nan.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Maman Injiniya

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kina samun sauƙi, an yi gasar.

A gwaji Kunkuru ya yi ta juyi wuri ɗaya kamar mai hajijiya. Ashe idonsa da hasken ƙwan ɗakin Injiniya aka saita shi, zauren kuwa rana ce ke kwararowa ta taga. Dogo sai gumi, ni kuma na fara neman ƙofa.

Wata 'yar siririya daga makarantar da za su kara da ita ce ta gane. Ta je ta roƙi alƙalai a ja labule ga kowa. Malaminta ya harare ta, na ji yana cewa ita gasa ta zo ko taimakon gaggawa. Alƙalai dai suka yarda.

Yaya, ya tafi! Sannu a hankali, kamar yadda mai shi ke tafiya in an aike shi. Na su yarinyar ya fi gudu, amma ya zame a kwana. Kunkuru ya kai ƙarshe, aka ce shi ne na ɗaya.

Kofin ya yi min nauyi a hannu. Na sami yarinyar a bayan zaure tana share hawaye, na ce mata rabinsa nata ne. Ta ce a'a Mama, da Kunkuru ya ɓata hanya saboda taga, ai rana ce ta ci, ba su ba. Ba ta ma san Injiniya ya rasu ba sai da na faɗa mata. Muka rungume juna muka ƙara kukan.

Kofin yana makaranta. Yarinyar ta ce za ta zo ta ga ɗakin da aka koya wa Kunkuru tafiya, don haka na share shi, na buɗe taga. Ki sa ta a addu'a.

Ki gaida Baban yara.
Taki har kullum, Maman Injiniya