Ranar da Na Tafi Sabis

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki.

Inna, jiya jikarki Hadiza ta tambaye ni ma'anar sabis, na yi ta dariya har da ƙwalla, don ke na tuna. Kalmar nan ta Turawa ta sha ba ki haushi. Kawu Sale yana sabis a ofishin gwamnati, mai gyara a kasuwar Roni yana yi wa keke sabis, sai ga ni na gama jami'a an ce in tafi kudu sabis na shekara guda. Kikan ce wannan kalma ba ta da aikin yi, ta bi mutum ta bi ƙarfe.

Ni albarkarki nake nema kafin in tafi, ga shi ni ne ɗan fari. Ba kya kiran sunana, ba kya zama inda nake. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kuma can kudun ne ƙaninki ya tafi soja bai dawo ba. Na aiki Goggo ta roƙe ki, ta dawo ta ce kin ci gaba da damun furarki kamar ba da ke ake ba. Wallahi raina ya ɓaci, na ce na fasa, duk abin da gwamnati za ta yi ta yi.

Goggo ce ta tasa ni gaba har tashar Kazaure. Ina zaune jikin taga sai ga ki da ƙwaryar nono a ka, ke da ba ki taɓa kai talla Kazaure ba. Ko kallona ba ki yi ba. Direba kika tsare da tambaya ko an yi wa motar sabis, kika sa ya bubbuga tayoyin, fasinjoji na ta dariya. Sannan kika ɗaga murya yadda zan ji:

"Akwai ɗan wata mata a motar nan. Ta yafe masa, ta sa masa albarka. Ka kai shi lafiya."

Na yi kuka har Kano, Innata. Amma na sauka kudu ba na tsoron kowa, har yau kuma ban taɓa jin tsoron ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a Aljanna.

Ɗanki,
Buba